Daren da Ba a Gayyata

Duk ɗalibi Bayahude da ya yi karatu a Montpellier a shekarun nan na saba'in, in ya ce maka bai taɓa cin abincin Mesodi Sebbag ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa mantuwa ce irin ta wanda ya ƙoshi. Ɗakinta yana can ƙuryar sama a wani tsohon bene bayan kasuwar kifi, ɗaki ɗaya da lungun girki, rufin ya karkato ta yadda dogon mutum ba ya miƙewa sai a tsakiya. A nan ake sabuwar shekara, a nan ake buɗa baki bayan azumin kafara, a nan ake jera fitilun idin Hanuka a bakin taga. Ba wanda ya naɗa ta. Ita ce dai mai tukunya, kuma ita ce ba ta da inda za ta je.

'Yar Sefru ce, ta ƙasar Maroko. Ubanta gyaran takalma yake yi, uwarta tana ƙulla maɓallan siliki tana kai wa teloli. A ajinsu ba wanda ya kai ta ƙwaƙwalwa, malamai suka yi ta sintiri gidan har uban ya yarda aka tura ta Faransa ta koyi haɗa magunguna. Ta tafi da niyyar dawowa. Ba ta daɗe ba unguwarsu ta watse: iyayenta suka kwashe zuwa Ashdod, yayanta ya yi Kanada, maƙwabta kowa ya kama gabansa, gidan da aka haife ta wani mahauci ya saya. Ta je wurin iyayen sau ɗaya, ta kwana a ƙasa kusa da firiji a garin da ba ta san kowa ba, ta dawo. Daga nan ba ta ƙara cewa za ta gida hutu ba.

Wanda ya tsara kalandar jami'a bai shawarci Annabi Musa ba. Sabuwar shekara da azumi sukan faɗo daidai lokacin da waɗanda suka faɗi ke maimaita jarrabawa, Idin Ƙetarewa kuma yakan zo ana saura ƙiris a shiga babbar jarrabawa. Masu gida kusa su hau jirgin ƙasa, uwa ta dafa musu, su dawo da kumatu. Sauran, 'yan Tunis da 'yan Kasablanka da wani ɗan Istanbul da ba a jin muryarsa sai in ana raba nama, su hauro benen Mesodi da littafi a hammata. Su yi karatu, ita ta yanka albasa. Su ci jarrabawa, ita ta faɗi. Karatun shekara biyar ya kai ta ta takwas bai sake ta ba, tallafin karatu ya daɗe da yankewa, da yamma tana wanke kwalabe tana auna garin magani a wani kanti.

Waɗanda suka zo tare da ita sun tafi, ƙannensu sun zo sun ci sun tafi. Kowanne ranar tafiya sai ya rungume ta ya rantse ba zai manta ba, kuma da gaske yake a lokacin. Tun ba ta kai talatin ba suka sa mata Inna. Da farko takan ɓata rai, daga baya ta gaji da ɓata ran.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce mata Inna ba, ita ce Mirel Landau, 'yar Antwerp da ke karatun likita. Siririya ce, mai sanyin magana, 'yar gidan tsauri, ubanta yana koya wa yara Attaura, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin a bar ta ta fito. Ran da ta fara cin abinci a ɗakin, kowa ya shafa ciki ya yi godiya ya sauka, ita ta naɗe hannun riga ta tsaya a bakin famfo. Tun daga ranar ita ke wanke-wanke. Ita ke tambayar Mesodi ko ta yi barci, ita ke zaunar da ita ta yi mata bitar darasi, ita ta raka ta duba allon sakamako ranar da sunanta bai fito ba, ta riƙe mata jaka har gida. A cikin tulin masu ci, ita kaɗai ce Mesodi take kira ƙawa a zuciyarta.

Mirel takan ci komai a ɗakin duk shekara, amma Idin Ƙetarewa kullum gida take yinsa. A shekararta ta ƙarshe ne asibiti ya riƙe ta, aka sa ta aiki a tsakiyar idin. A watan Yuni za ta gama ta tafi. Mesodi ta ji labarin tana tsaye da soso a hannu. Idi ɗaya dai, kafin ita ma ta bi sahun sauran, za ta zaunar da Mirel ta ci abin da ake ci a Sefru.

Ta yi shiri irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ajiye karatu gefe, ta fitar da katifa taga, ta kakkaɓe littattafai shafi-shafi saboda ɓarɓashin burodi, don a idin ba a barin abu mai yisti a gida, ta bi teburi da cokula da tafasasshen ruwa har hannunta ya saɓule. Nama sai da ta sa aka kawo mata daga Marseille. Sannan ta zauna da buhun ɗanyen wake, mai faɗin nan na bazara, wanda ake ɓarewa sau biyu: a cire ɓawo, sannan a bi kowace ƙwaya a tuɓe mata riga. Da ta gama manyan yatsunta sun yi baƙi ƙirin. Miyar waken nan da dankali da nama ita ce idin a gidansu, in babu ita to ba a yi ba.

Daren farko ɗakin ya cika har wasu a kan gado. Rafi Taieb, ɗan Tunis mai karatun haƙori, wanda cikinsa ya riga shi shiga ko'ina, shi ya ja karatun labarin fitar Yahudawa daga Masar. Ya ɗaga faranti yana zagayawa da shi bisa kawunansu yana rera waƙar fita da gaggawa, wanda ya ga dama ya ƙwanƙwasa masa a ka. Mirel ba ta taɓa gani ba, ta yi ta dariya tana kare kanta da hannu. Aka sha inabi, aka ci ganye mai ɗaci, aka karya gurasa marar yisti. Mesodi ta ɗauko tukunya, ta fara zuba wa Mirel kafin kowa.

Mirel ta dubi kwanon, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin kujera, ta fito da ƙunshi a cikin tsumma: dafaffen ƙwai, dankali da ta dafa a tukunyarta, gishiri a takarda, har da cokalinta.

"Mesodi, yi haƙuri," ta ce a hankali. "Mu ba ma cin wake a idin nan. Kuma a gidanmu ba a cin girkin kowa sai an fita idi, ko na ƙanwar uwa ne. Na so in gaya miki tun tuni, na rasa ta inda zan fara."

"A cire waken mana," in ji wani daga kan gado.

"Ba a cirewa," in ji Rafi. "Ku ba ku san Yahudawan ƙasar sanyi ba. Su idi in bai zama azaba ba, ba su yarda an yi ba. Miƙo kwanon nan, 'yar malam, ni zan ɗauke miki zunubin."

Aka yi dariya, Mirel ma ta yi ta dole. Mesodi ta miƙa wa Rafi kwanon da hannunta, ta ce ba komai, kowa da gidan da ya fito. Ta ci gaba da zubawa. Amma duk inda ta juya idonta yana kan tsumman nan da ke shimfiɗe a kan teburin da ta ƙona hannu tana wankewa, da yatsun Mirel suna ɓare ƙwai a ɓoye kamar mai sata. Da aka tashi Mirel ta naɗe hannun riga za ta wanke-wanke, Mesodi ta ce ta bari, kada hannunta ya taɓa wake. Ba ta yi niyyar maganar ta fito da kaifi haka ba, amma ta fito, kuma ba ta da ƙarfin bin ta ta dawo da ita. Dare na biyu Mirel tana asibiti.

Abin ya yi wa Mesodi ciwo ƙwarai, ko da yake ba baƙon abu ba ne a wurinta. A Sefru ma haka ake yi. Kwana takwas ɗin idin maƙwabci ba ya cin na maƙwabci, kowa yana zargin tukunyar kowa, ita kanta uwarta ko shayin surukarta ba ta sha. Sai dai can kowa yana da gidansa, ba wanda zai zo ya zauna maka a teburi da ƙunshinsa. Kuma can abin yana da magani. Daren da idi ya fita, da taurari sun bayyana, kowane gida ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe, a kwaɓa fulawa ta farko, a soya mufleta, fallen ƙullu siriri da ake shafa wa man shanu da zuma a naɗe. Daren Mimuna ke nan. Wanda ya ƙi cin naka duk mako, shi zai fara shigowa ya ci daga hannunka, shi ke nan an wanke. Ba a kiran kowa. Kira ma ɓata abin yake yi, don wanda aka kira ya zo, me ya nuna? Ƙafar mutum ce za ta kawo shi. Wanda kuma ya ga ƙofarka a buɗe ya wuce, ya faɗa maka abin da ke ransa ba tare da ya buɗe baki ba.

Saboda haka ta ajiye ciwon ta ce Mimuna na zuwa. Mirel za ta shigo, ta ci, su rabu a watan Yuni ba tare da tsumman nan a tsakaninsu ba.

A tsakiyar idin ta haɗu da Rafi a kasuwa yana latsa lemo ba da niyyar saye ba. Ya karɓi kwandonta ya riƙe, abin da ba ya yi sai in yana da magana.

"Inna, kin gaya wa 'yar malam zancen daren Mimuna?"

"Ta sani. Kowace shekara in ta dawo daga gida kuna cika mata kunne da labarin mufleta."

"Ta san ana cin mufleta. Ba ta san sauran ba. Ita a ganinta walima ce, mai gida ke kiran wanda ta ga dama."

"Kai wa ya taɓa kiranka?"

"Ni ai ko an rufe ƙofa ta taga zan shigo. Ita fa? Yarinyar da ko gishiri ba ta ɗauka a teburi sai ta nemi izini. Bari ni in gaya mata."

Mesodi ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "In ka buɗe bakin nan, Rafi, ka ci mufletarka ta ƙarshe a hannuna. Shekara nawa ina kira? Ku zo ga sabuwar shekara, ku zo ga buɗa baki, kai kada ka makara, ke zo da ƙawarki. Na kira har muryata ta dushe. Dare ɗaya ne a shekara da ba ni ke kira ba. Ku bar mini shi."

Rafi ya dube ta, ya ga yadda idanunta suka faɗa, ya bar maganar. Rafi ya yi shiru, abin da ya isa a ba da labari.

Sau ɗaya Mesodi ta ga Mirel a makon, a bakin ɗakin karatu, ta fito daga aiki da farar riga a hannu. Suka gaisa kamar waɗanda aka haɗa jiya.

"Kin yi fushi da ni," in ji Mirel.

"Ban yi ba."

"To yaushe zan gan ki?"

"Kin san inda nake. Ƙofata ba ta canja ba."

Mesodi ta wuce tana ganin ta faɗi iyakar abin da ya halatta, har ma ta ɗan zarce. Ba ta waiwaya ba, balle ta ga yadda Mirel ta tsaya tana juya maganar.

Ranar ƙarshe ta zo. Da yamma ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburi, ta jera nono da zuma da dabino da na'ana'a da ganyen latas. Ta zauna a bakin taga tana jiran taurari, ƙafafunta sun kumbura, jarrabawa saura 'yan makonni kuma ba ta buɗe littafi ba tun kafin idi. Ta san yadda wannan ma za ta ƙare. Da sama ta yi duhu ta tura Rafi kantin Si Larbi, Balaraben unguwar, wanda ya san daren kamar yadda ya san nasa idin, yakan ƙulle mata fulawa da yisti da man shanu ya ajiye a gefe. Kafin Rafi ya dawo ta buɗe ƙofar ɗakin ta tura ta har bango.

Soya mufleta ba ya barin mutum ya juya. Akan ɗauki curin ƙullu daga cikin mai, a baza shi da tafin hannu har ya kusa nuna teburi, a ɗora a kasko, a juya, a ɗora wani a kansa, a sake juyawa, haka tulin zai yi ta hawa. In ka ɗauke ido na ƙasa ya ƙone. Lungun girkin kuwa bango yake kallo, don haka Mesodi ta ba ƙofa baya, kunnenta ne kawai a kan matakala.

Suka fara hauhawa. 'Yan Kasablanka da gangarsu ta darbuka, ɗan Istanbul da wata yarinya da ba wanda ya sani, wasu samari da suka ji ƙanshi daga titi suka biyo. Kowa ya shigo ta ce masa, ba tare da ta juyo ba, "Ku ci riba, ku yi sa'a," ta miƙa masa mufleta ta bayan kafaɗa. Aka cika ɗakin da waƙa, ana buga teburi, zuma tana ɗiga a kan farin ƙyallen. Ta san tafiyar kowa a matakalar nan. Duk takun da ta ji sai hannunta ya ɗan dakata a kan ƙullu, sannan ya ci gaba.

Tuli na biyu ya yi rabi ta ji takun Mirel. Taku ne mara nauyi, mai tsayawa a kowane hawa don ta sauya wa jaka kafaɗa. Mesodi ta zaɓi curin da ya fi kyau ta baza shi. Takun ya iso bakin ƙofa ya tsaya. Rafi yana tsakiyar ɗaki yana rawa da kwano a ka, duk idanu suna kansa, ba wanda ya dubi waje. Ta juya mufletar. Shigo, ta ce a ranta, taku ɗaya ne ya rage, shigo mana.

Sai ta ji ƙofar ta motsa a hankali, aka jawo ta daga waje da kulawa irin ta wanda ba ya son ya tada mai barci, har ta ce ƙyas. Takun ya fara sauka.

Mesodi ta tsaya da hannu cikin mai. Gajiyar shekarun nan duka ta sauko mata lokaci ɗaya, ta ji kamar ta zauna a ƙasan lungun ta bar kaskon ya ƙone. Mirel ta zo har bakin ƙofa, ta gani a buɗe, ta rufe. A Sefru an gama magana ke nan. Kuma ita ta gaji da bin mutane da kwano, ta gaji ƙwarai, ta ga ba laifi in sau ɗaya ta bar wani ya tafi.

Ta ɗauke mufletar daga wuta, ta shafa man shanu, ta zuba zuma, ta naɗe. Ta danƙa wa Rafi cokalin juyi ta ce in ya ƙona mata kasko sai ya saya. Ta buɗe ƙofar da gwiwar hannu.

A hawa na biyu ta cim mata. Fitilar matakalar irin mai kashe kanta ce, ta mutu daidai lokacin, sai da Mirel ta laluba ta danna. Tana sanye da rigar sanyi a kan kayan asibiti, idanunta sun yi ja.

"Na ga kina da baƙi," in ji Mirel.

"Wane baƙi? Rafi ne da garkensa."

"Kowa yana ciki, Mesodi. Har yarinyar da ta zo garin nan watan jiya. Na zo in ba ki haƙuri ne, ban san kin tara mutane ba. Da na ga kowa kin kira ban da ni, sai na ce to, na gane."

"Ban kira kowa ba. Daren nan ba a kira."

"Kamar yaya ba a kira?"

"Buɗe ƙofa ake yi. Wanda ya ƙi cin naka a idi ya shigo da ƙafarsa ya ci. Shi ke nan."

Mirel ta dube ta. "To me ya hana ki gaya mini ba a kira?"

"In na gaya miki ai na kira ki ke nan."

Mirel ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ta jingina da bango. "Mako guda ina jira ki ce in zo. Da kika ce ƙofarki ba ta canja ba, na kwana ina tunanin ko korata kika yi."

"To ƙofar fa? Me ya sa kika rufe mini ƙofa?"

"Na zaci mantawa kuka yi saboda hayaniya. A gidanmu in ka ga ƙofar mutum a buɗe, ja masa kake yi. Ban so maƙwabta su yi miki magana."

Mesodi ta miƙa mata mufletar, ta riga ta fara hucewa. Mirel ta ajiye jaka, ta karɓa da hannu biyu, ta motsa baki ta yi albarka, ta ci. Zumar ta gangaro mata har wuyan hannu ta lashe. Ta ce ba ta taɓa cin abu mai daɗi haka ba, kuma daga ganin yadda take ci ba faɗa kawai take yi ba, tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Daga sama ana jiyo darbuka da ƙaurin abin da Rafi ke ƙonawa.

Mesodi ta zauna a kan matakala. Ta ji daɗi, ba ta musun wannan. Mirel ta hauro benen nan ba wanda ya kira ta, ta ci daga hannunta, babu ƙyama babu gaba, ba a taɓa yi ba ma. Amma abin da ta jira bai faru ba, kuma yanzu ta san ba zai faru ba. Ƙofar da ke magana a Sefru a nan ba ta cewa komai, ko kuma ta faɗi akasin abin da ake nufi. Unguwar da ta san yaren ta watse, wasu a Ashdod, wasu a Kanada. Mafi kusa da ita a duniya ta tsaya a bakin ƙofar ba ta ji me take cewa ba, kuma a ƙarshe ita ce dai ta sauko da abinci a hannu, kamar kullum.

Fitilar ta sake mutuwa. Wannan karon ba wadda ta tashi ta danna.

"Tashi mu hau," in ji Mesodi. "Akwai masu zafi, in Rafi ya bar wani abu."

"Kirana kike yi?"

Mesodi ta miƙe. "Kiranki nake yi."

Suka hau tare. Da aka watse Mirel ta naɗe hannun riga ta tsaya a bakin famfo, Mesodi ta bar ta.

A watan Yuni Mirel ta gama ta koma Antwerp, daga baya ta yi aure, ta zama likitar yara. Ba su yanke ba, sukan yi waya kafin kowace sabuwar shekara, kuma har tsufa ba ta taɓa ce mata Inna ba. Mesodi ta faɗi jarrabawar shekarar, ba ta sake zama ba. Mai kantin maganin ya ɗauke ta aiki sosai, ta yi shekaru a bayan kanta tana miƙa wa tsofaffin unguwa maganin hawan jini tana yi musu faɗa a kan gishiri. Ta auri wani mai gyaran agogo ɗan Oran, mutum mai haƙuri da hayaniya, suka koma wani gida a ƙasa saboda gwiwoyinta. Ɗalibai ba su daina zuwa ba, 'ya'yan waɗanda ta ciyar ma sun zo da sunanta a baki, ita kuma ba ta daina cewa bana ce ta ƙarshe ba.

Mimuna kuwa tun daga shekarar nan ta sauya mata tsari. Tun idi bai shiga ba take bin su ɗaya-ɗaya, ta kama mutum a hannun riga ta ce, daren da idi ya fita ka zo, da kai nake, kada ka ce ba a gaya maka ba. Ta fi matsa wa masu kunya, da 'yan ƙasar sanyi masu zuwa da ƙunshi. Ba ta ƙara barin wani ya tsaya mata a waje yana tunanin ba a son shi ba. Gidan yakan cika fiye da da, har a tsaya a tsakar gida da faranti, kuma duk wanda ta kira yana zuwa. Abin da ba ta ƙara sani ba har ƙarshen ranta shi ne wa zai zo da ba ta kira ba.